Inci Biyu da Ɗoriya

Shekara ashirin da shida ina sunkuyar wa ƙarfe kai.
Haka aka koya mana: manna kunci a ƙota,
danne wuya, kanne ido ɗaya,
ka shige cikin kafaɗunka kamar kunkuru.
Yau ga ladan: wuyana na ƙara
kamar ƙofar tsohuwar torotoro in ta tsaya a Nima.

Ranar Talata, a filin harbi na Teshi,
iskar teku na shafa mana gishiri a leɓe,
Kofur Adiza ta zaro wani abu daga aljihu,
baƙin ƙarfe, bai fi kwalin ashana biyu ba.
Ta ce, "Saja, a ɗaga madubin,
a bar wuyan nan ya sha iska."

Na ce, bindigar biki za ta je a Osu
da za a sa mata takalmi mai tsini?
Ba ta tanka ba.
Ta kwance, ta ɗora, ta ɗaure noti,
ta murɗa har farcenta ya yi fari,
ta miƙo mini, baki na kallon ƙasa.

Na ɗaga.
Ban nemi ɗigon ba, shi ya zo ya same ni,
ja, ɗan mitsitsi,
kamar wutar maganin sauro a daren da aka ɗauke lantarki.
Kaina a miƙe, idona biyu a buɗe,
ga allo, ga jar tuta, ga ciyawa na rawa,
ga kwalekwalen masunta can yana hawa da sauka.
Ashe duk shekarun nan
akwai teku a hannun damana.

Amma kowane tsayi da kuɗinsa.
Kuncina ya rasa matashinsa,
haɓa ce kawai ke taɓa ƙota,
sama-sama, kamar gaisuwar wanda ke binka bashi.
In na kwanta rub da ciki
sai na ɗago wuya kamar ƙadangare a kan katanga.
Duk da haka a mita hamsin muka yi saiti,
harsashi uku, rami kusan ɗaya,
sidi guda zai rufe su har da canji.
Na gyara hula. Na yi gyaran murya.

Sai ta jawo allon kusa, taku bakwai.
Na ɗora ɗigo a tsakiyar baƙi, na ja kunama.
Ramin ya fito a ƙasa.
Na sake. A ƙasa.
Yaran da nake horarwa suka shiga kallon takalmansu.

Ta ce, "Saja, ido na kan bene, harsashi na ƙasa,
inci biyu da ɗoriya a tsakaninsu.
Sai sun yi tafiya suke haɗuwa.
Na nesa ba ya ba da wuya.
Na kusa ne sai ka tuna da shi."

Na amsa da to.
Na ɗaga ɗigo kaɗan, rami ya koma gida.

Da magariba na sauka a Nima,
na ƙetare kwata, na bi lungun mai waina,
ƙanshin barkono na fitowa daga ƙofarmu.
A bango ga takardar yabo a gilashi,
mita ɗari uku, sunana da manyan baƙaƙe.
A ƙarƙashinta Fulera na tuƙa tuwo,
muciya a hannun hagu,
na dama a naɗe cikin zani, a kan cinya.

Na ce, yaushe kika koma bahaguwa?

Ta ce, "Tun azumin bara,"
ba ta ko ɗago kai ba.

Na tsaya da takalmi a ƙafa.
Taku uku ne tsakaninmu, na ƙirga.