Sauke-Kaya

Ba ya cikin taswirar da mushe ya rataya a lakwal,
na bi ta da yatsa har yatsan ya yi baƙi.
Amma fita Damagaram da asuba, bar duwatsu a hagunka,
kafin hantsi ya dubi ludayi za ka hangi gawo uku.
Nan aka binne cibiyata.

Gida tara suka taso daga gabas, shekarar da aka ƙone rumbuna.
Bakwai suka iso.
Kakar uwata, Ya Kundili, ba ta taɓa faɗin inda biyun suka tsaya ba,
in an tambaye ta sai ta tashi duba tukunya.

Izu sittin a gafakar fatar akuya,
ruwan hauya babu ƙota,
da irin gero ƙulle a bakin zane
da ta hana kwancewa, goyonta na kukan yunwa.

Malam Kyari Fugu ya ce, "Ku sauke kaya."
Yanzu ana cewa mafarki ya yi.
Ita ta ce ƙafarsa ce ta kumbura.

Rijiyar farko, gaba goma sha biyu, sai dutse.
Ta biyu ruwan kanwa, ko jaki ya kau da kai.
Ta uku ta rufta da Barma Dalla ranar Laraba,
da aka tono shi rigarsa a jiƙe take.
Mata suka rasa kuka za su yi ko guɗa.

Ba su kafa kasuwa ba, ganga ba ta kwana a garin.
Juma'a hauya a rataye take yini
ko da ruwan shuka ya sauka daren Alhamis.
Maƙwabta na cewa, "Barebarin nan allo za su ci da kaka."
Dami ɗaya cikin goma na zuwa rumbun da ba shi da mai shi.
Da Kakalaba ta zo, masu dariyar suka zo da ƙwarya,
aka auna musu, ba wanda ya tuna musu komai.

Harshen da suka zo da shi ya bi su kushewa.
Ni ƙirga biyar ya rage min, da zagin akuya.
Samari suna Agadas, wasu Kano.
Famfo mai aiki da rana na tsaye kan rijiyar Barma,
yaran da ke tara jarka ba su san sunan mutum ba ne.

Bara da rani wani amalanke ya tsaya gindin gawo,
katifa, tukunya biyu, tsohuwa, daga wajen Diffa.
Suka gai da kawu Liman da harshen nan.
Ya buɗe baki ya nemi amsar, bai same ta ba.
Ya daɗe yana kallon ƙafafunsu.
Sai ya kira ni, ya ce in ɗauko guga,
in kuma duba ko tsohuwar hauyar nan na da ƙota.