Ƙoshiyar Goggo Yalwa

Ranar da aka rufe kasuwar Gujungu
na ajiye motata ƙarƙashin darbejiya,
na cire batir, na tare tayoyin da duwatsu.
Kafin Lahadi ta zagayo
kaza ta yi ƙwai uku a kujerar direba.

Rediyo na cewa a wanke hannu, a zauna gida.
Na wanke har baƙin mai ya bar farcena,
Barira ta juya tafina ta ce,
hannun wane ne wannan?

Na gyara danga. Na kwance na sake gyarawa.
Na ƙirga azarar ɗaki, ashirin da bakwai,
gobe ma ashirin da bakwai.

Sai Goggo Yalwa ta jawo gwangwanin madara
daga ƙarƙashin gadonta.
A ciki akwai zare fari da ya fara jirkita,
da wata 'yar ƙoshiya ta ƙahon saniya,
tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.
Matar wani malamin asibiti ta koya mata a Ringim,
tun kafin a haifi ubana.
Yanzu yana ta rufe mata ido.
Ta ce, Mamuda, ara mini naka.

Na ce, ni? Direba?
Ta ce, gari a kulle, wa zai gan ka?

Zare ya zagaye yatsuna huɗu,
ƙoshiya ta nutse ƙasa ta ɓullo sama.
Na ja, ya cije. Na ja, ya tsinke.
Ta lalubo wuyan hannuna ta danna:
kai ka saba damƙar sitiyari,
wannan ba a damƙarsa.
Sassauta, ƙullin da kansa zai tsallaka.
Kwana huɗu ina sassautawa
kafin na ji shi ya tsallaka, ɗan tsit,
kamar tsaka ta sauya bango.

Azumi ya same mu a haka.
Ladan ya kira salla ya ce a yi a gida,
muryarsa ta rawa wajen faɗa.
Na ja mata uku jam'i a tsakar gida,
akuya tana kallonmu.
Ita ma ba ta kai goman tsakiya ba,
mun mai da ita gero da man gyaɗa.
Barira na auna tsaba da kwano
tana shafe bakinsa da gefen hannu,
abin da ba ta taɓa yi ba.
Sahura, da babu makaranta,
ta cika bangon madafa da lissafin gawayi.

Ni kuwa zobe bayan zobe,
kowanne da 'yan kunnuwansa.
Goggo na karantawa da yatsa.
Nan, in ji ta, ka yi fushi.
Nan yunwar la'asar ce.
Wannan da ya karkace ban bari ta tambaya ba:
ranar aka bugo waya daga Kano
cewa Ɗayyabu kwandasta ya riga mu,
kuma babu hanyar zuwa gaisuwa.
Na so in warware shi.
Ta ce bar shi, leshi ba ya warwaruwa ta daɗi.

Ruwan farko ya sauka daren ashirin da uku.
Ƙasa ta yi ƙamshi, zaren ya yi laushi.

Babu ɗinkin salla bana.
Barira ta wanke tsohuwar rigar Sahura,
ta ɗinka mata kamu biyu a wuya da hannu.
Yarinya ta tsaya bakin zaure tana juyi
ko da wani zai wuce.
Tsohuwar maƙwabciya ta leƙo ta danga:
aikin wace ce?
Goggo ta ce, na wata baƙuwa ce, ta kusa tafiya.

Da aka ɗage katakon mararraba
kaza ta fita da 'yan tsaki bakwai.
Na share kujera, na mai da batir.
Guntun da ya rage, mai karkataccen zoben,
na rataye shi a madubi.
Fasinja na tambaya, ina cewa na gida ne.

Ƙoshiyar tana aljihun gaba.
In lodi ya yi jinkiri a tasha,
yatsuna kan fara motsi su kaɗai.