Cokalina a Rediyo

Teburin shayina yana ƙarƙashin tagarta,
a Agege, dab da layin dogo,
inda jirgi kan wuce ya kaɗa mini kofuna.
Lantana, 'yar Ɗanjuma mai albasa,
wadda na sani tun tana lasar gwangwanin madara,
ita ta sauko wata Talata ta ce,
"Baba Tanko, kwalin ƙwan nan da kake zubarwa,
tara mini."

Na tara. Arba'in da bakwai, na ƙirga.
Ta manne su a bango har rufi,
ɗaki ya koma kamar saƙar zuma,
wai don kada Legas ta faɗo mata cikin waƙa.
Legas kuwa ba ta san sallama ba.
Yaron danfo na kiran Oshodi kamar ana bin sa bashi,
janareton maƙwabta na tari,
ruwan sama na dukan kwano.
Da ta gaji da korar garin
sai ta buɗe taga ta ce masa bismilla.

Ba kalangu, ba gurmi, ba ɗan amshi ko guda.
Kwamfuta ce mai tsagaggen gilashi
da wani allo mai haƙora, fari da baƙi.
Ita ke rubutawa, ita ke rerawa,
ita ke amsa wa kanta da murya shida,
ta ɗora su kan juna kamar yankan burodi.
In an ɗauke wuta na ji ta yi salati,
na san aikin dare ya bi ruwa.
Ta sauko, ido jajir:
"Baƙi za ka zuba, kada ka sa sukari."

Wani dare ta dasa makirfo a kan teburina.
"Kaɗa kamar yadda ka saba."
Na kaɗa. Cokali ya bugi kofi,
ƙal, ƙal-ƙal, ƙal.
Ta ƙyalƙyale da dariya ta haye sama,
ko kuɗin shayin ba ta biya ba.

Masu kuɗin Ikeja sun ce muryar ta yi,
amma ta rage Hausar,
ta kuma bar wa maza taɓa na'ura.
Ta naɗe wayoyinta ta dawo a ƙafa.
Shekara uku tana waƙa a wuraren da kujeru suka fi mutane yawa.
Ta sayar da 'yan kunnenta.
Ubanta ya daina tsayawa a teburina.

Sai ran nan, a kan doguwar gada,
motoci sun cushe, ruwa hagu, ruwa dama,
ina matse tsakanin mai kwandon kifi da wani ɗan makaranta,
direba ya murɗa rediyo.
Kiɗa ya taso kamar tafasar tukunya,
muryarta ta hau kansa, siririya, tana walƙiya,
can ƙasa kuma, a ƙarƙashin komai,
ƙal, ƙal-ƙal, ƙal.
Mai kifi, Bayarabiya, tana gyaɗa kai,
tana rera Hausar da ba ta san ma'anarta ba.
Na ce, "Cokalina ne wannan!"
Ɗan makaranta ya dube ni, ya matsa.

Yanzu tana Lekki, ko a jirgin sama.
Wani tela ya kama ɗakin,
ya ɓamɓare kwalayen, saura uku a saman ƙofa.
Ta aiko mini da sabon risho,
da kuɗin shayin daren nan a ambulan, har da canji.
Ɗanjuma ya dawo zama a bencina,
in an sa waƙar sai ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba.
Cokalin yana nan, kofin ma bai fashe ba,
amma tun ranar gada
duk yadda na kaɗa, ba ya fita daidai.
Hannuna ya san ana sauraronsa.