Sunan Kwalekwale

Ƙarfe ukun dare a Valparaíso,
tashar jiragen ruwa ta yi tsit,
amma ana ƙwanƙwasa ƙofar Eduvigis.
Ba da hannu ba.
Wata na'ura ce marar barci
ke gwada kalmomi kamar ɓarawo da tarin makullai:
ɗaya-biyu-uku, sunan gari, shekarar haihuwa,
sau dubu huɗu kafin gari ya waye.

Jikanta Baltasar ya duba asusun gidan burodin.
"Kaka, mece ce kalmar sirrinki?"
Ba ta daina murza ƙullu ba.
"Golondrina." Kwalekwalen mijinta ke nan,
wanda teku ta haɗiye har da mai shi.

"Ai ga shi ɓaro-ɓaro a allon shago, Kaka."

Shiru. Shekara tara
tana buga sunan nan da yatsa ɗaya
kamar mai ziyarar kabari.

Ya ce a haɗa kalmomi huɗu da ba su san juna ba,
waya ta riƙa aiko da lamba,
kuskure biyar, ƙofa ta rufe kanta.
Ta karkaɗe garin hannunta, ta zaɓa.
Ko shi ba ta gaya wa ba.

Da dare na'urar ta dawo.
A gwaji na uku ta kira Golondrina,
ba wanda ya amsa.

Eduvigis na bakin taga, idonta a kan ruwa,
tana faɗin sunan da ƙarfi
tunda ya daina zama makulli.