Kafin In Ba Da Ciko

Tasi'u ya ce an gama.
Ya faɗa yana kaɗe hularsa a gwiwa,
idonsa na kan aljihuna na hagu
inda cikon kuɗinsa ya kwana.
Na ce to, gani ya kori ji,
miƙo makullan, biyo ni a baya.

Daga zaure na faro.
Da bakin makulli nake ƙwanƙwasa tayil
ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai zaɓen kankana a 'Yan Lemo.
Wannan ya amsa da nauyi, na gefensa ma haka.
Na bakwai ya ce ƙwal,
muryar cikin da bai ƙoshi da siminti ba.
Na zana masa alli a goshi.
Tasi'u ya ce iska ce kawai ta shiga.
Na ce ita iskar, buhu nawa ka sayo ta a Ƙofar Ruwa?

A banɗaki bokiti guda na sheƙa a ƙasa,
muka tsaya mu biyu muna kallon ruwa yana shawara.
Rariya tana gabas.
Shi kuwa ya miƙe yamma,
ya je bayan ƙofa ya kwanta
kamar baƙon da aka nuna wa masauki.
Ruwa ba ya jin kunyar magini.
Na rubuta.

Famfon kicin yana ɗiga, ɗis, ɗis,
yana jan carbinsa shi kaɗai.
Makunnin falo na danna,
fitilar tsakar gida ce ta amsa sallama.
Soket ɗaya ya karkace yana hararata.
Sakatar taga ta ƙi shiga raminta
sai da lallashi, sai da kafaɗa.
Damina da saura, ni kuwa ba zan jira ta ba:
na sa yaronsa Ɗanjuma ya hau rufi da buta biyu,
indararo ya zubo ɗaya,
ɗayar bango ya shanye.

A bayan takardar kuɗin wuta nake jerawa.
Goma sha uku.
Tasi'u ya daina cewa komai,
sai sosa ƙeya.

Sannan muka zo ƙyauren ɗakin Inna.

Shekara talatin wannan ƙyaure yana kuka.
Duk Yakasai babu mai gadin da ya kai shi.
In na dawo daga yawon dare, takalmi a hannu,
numfashi a riƙe,
shi yake tona ni,
sai murya ta fito daga cikin duhu:
Nafi'u ne? Tuwonka na cikin kwano, rufe da faifai.

Na tura. Na jawo. Na sake turawa.
Shiru.

Fuskar Tasi'u ta washe karon farko tun safe.
Ya ce ka ji ko, Alhaji?
Sabon hinji, ga mai na zuba,
ko jariri ba zai farka ba.
Nan kam ba ka da abin rubutawa.

Na ɗora biro a kan goma sha huɗu.
In ce me?
A mayar da tsatsa inda aka same ta?
A nemo min mai tambayar?
Ni na ce a gyara. Da bakina na ce,
har na biya.
Na bar layin fari.

Rabin ciko na ƙirga masa a zaure,
ya sake ƙirgawa da yawu a yatsa.
Na ce sauran sai ruwa ya koyi hanyar rariya.
Ya ce Asabar, in Allah ya yarda.
Na ce wace Asabar ɗin, taka ko ta kowa?
Ya yi dariya, ya buga babur, Ɗanjuma a baya da bokiti.

Ana kiran la'asar a masallacin lungu.
Gidan sai ƙamshin fenti.
Na koma ciki in ɗauko butata,
na ja ƙyauren a bayana,
ba wanda ya ji.