Koren Hantsi

Manhajar ta zo mana daga Legas
sanye da shuɗi irin na asibiti,
da hoton wasu mutum uku cikin kwat
suna dariyar abin da ba mu ji ba.
Wata bakwai a cikinta muke neman hutu,
muke duba albashi, muke shigar da nauyin buhu,
kamar baƙi a zauren wani.

Ran Talata Hajiya Kulu ta kira ni ofis,
ta ƙwanƙwasa allon da gindin biro:
"Dikko, wanga abu bai san mu ba.
Ka sa mishi rigarmu."

Na ce kore ke nan.
Ta ce kore.
Ashe kore dangi gare shi.

Akanta yana son na jikin buhu,
wanda rana ta riga ta cinye rabinsa.
Mai sito ya ce na fentin ƙofa.
Baba Tunau mai awo ko ɗagowa bai yi daga sikeli ba:
"Tai fadama.
Shinkafa in ta kwana arba'in da dashe,
shi na kore. Saura duk kwaikwayo na."

Na hau babur na bi hanyar Zogirma,
na naɗe wando, ruwa har ƙwauri.
Na ɗauki hoto da hantsi, na ɗauka da azahar,
da la'asar iska ta kifa ganyen
ya koma wani abu dabam.
Ita kuwa kwamfuta lamba shida take so,
ba ta san la'asar ba.
Na zaɓi na hantsi.
Sauran su yafe mini.

Sai zalɓe.
Shi ne tambarinmu tun injin yana guda ɗaya
a rumfar kwano bayan tashar Bunza.
Marigayi mijinta ya zana shi da gawayi jikin kwali,
ƙafa ɗaya a ruwa, ɗayar a naɗe,
wuyan ya ɗan karkace
don tun lokacin hannunsa na rawa.
Kwana biyu na yi ina gyara.
Na miƙar da wuyan, na share tabon gawayin,
ya fito tas, sai ka ce na banki.

Hajiya ta dube shi har shayinta ya huce.
"Tsuntsun ga na da kyau," in ji ta.
"Na wa na?"

Na mayar da karkacen.

Daga nan sai kalmomi.
Inda allon ke tsawa da jan rubutu
kamar ɗan sanda a shinge,
na sa: "A sake dubawa, malam."
Matan tsinta suka aiko Lantana
ta ce su ba malam ba ne.
Na cire malam.
Masu kwat suka sauka,
Ɗanjuma ya hau, tsaye bakin tukunyar turara,
ido a rufe.
Na ce mu sake ɗauka, ya ce a bari,
haka idonsa yake in tururi ya taso.

Litinin da sassafe, wuta ta ɗauke sau biyu kafin bakwai.
Arzika maigadi, da bai yi boko ba,
da kullum sai ya jira ni in danna masa,
ya tsaya gaban allon bakin ƙofa,
ya karkata kai daidai da wuyan zalɓen,
ya ɗora babban yatsa
ya wuce abinsa, bai neme ni ba.

Ba wanda ya yaba koren.
Baba Tunau kaɗai, yana zare buhu daga ƙugiya,
ya leƙa ta saman tabarau:
"Da hantsi ka tai, ko?"
Na ce e.
Ya ce, "Da ka bari sai bayan ruwa."