Abin da Taya Ta Faɗa Mini

Gyang, jingine keken jikin dogon yaro,
zauna, sha ruwan randa tukuna.
Ka ce daga Jos kake, rijiyoyi za ka auna
daga Kwalkwalawa har bayan Wurno.
To, ni ne Arzika mai faci. Ara mini kunnenka.

Can garinku dutse ne abokin gāba.
Nan rairayi ne, mai sakin fuska,
ya karɓi taya hannu biyu, ya hana ta sallama.
In ka ga ƙasa ta yi fari fat, rage iska kaɗan.
In ta ƙi, sauka ka tura,
ba a taɓa yi wa mai jan kekensa tara ba.
Bi sawun amalanke, bar na raƙumi,
shi ba ruwansa da inda kake nutsewa.

Fita da assalatu.
Kafin hantsi ya dubi ludayi ka ci rabin hanya,
don ranar Sakkwato ba ta karɓar hanzari.
Daga sha ɗaya zuwa la'asar nemi inuwa,
kai da keken duka.
Na ga tif ya fashe shi kaɗai a ƙofar masallaci,
liman ma sai da ya waiwaya.
Amma ba kowace inuwa ce ta mai keke ba:
gindin aduwa da bagaruwa
nan ƙaya ke ƙailula.

Jiƙa tsumma ka naɗe gorar ruwa.
Ga sholisho, ga guntun tsohon tif,
sifana lamba goma, famfo,
da cokali biyu na ɓamɓare taya,
kada ka ci tuwo da su, sun sha giris.
In ka rasa gurbin huji kuma babu kwano,
yawunka ya isa shaida.

Kada ka tambayi hanya daga kan sirdi.
Sa ƙafa ƙasa, yi sallama,
tambayi gajiya, tambayi gida, tambayi zafi,
hanya da kanta za ta biyo baya.
In ka ji "mi kaka so?" ba faɗa ba ne.
In ka ji "awo", an yarda.
In an ce "nan ne kusa",
bincika: kusan mai babur ko kusan mai jaki?
An miƙo hura, sha,
ko da cikinka ya ce ya gode.

Kan kwalta, motar siminti daga Kalambaina
ba ta jin yaren ƙararrawa;
ba ta titin duka, ba gādonka ba ne.
Garke in yana ƙetarawa, jira na ƙarshe,
akwai ɗan maraƙin da kullum ke makara.
Karen ruga kuwa, kada ka yi tsere da shi,
sauka, sa keke tsakaninku.
A bakin Rima gama ciniki kafin ka shiga kwalekwale,
keke ma fasinja ne, mai jirgi bai manta ba.

Ni?
Yaushe na bi hanyar?
Dubi ƙafar nan ta hagu.
Tun ina shekara biyar ta yi rantsuwa da feda.
Ban taɓa wuce Kware ba, shi ma a bayan akori-kura.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
tayoyi ke dawowa suna ba ni labari:
baƙar laka ta fadama, jan burji na tudu,
ɓawon albasa maƙale a sarƙa,
tsidau bakwai jere kamar carbi.

Faci ɗari biyu ne. Shawara bashi ce.
Ranar da ka dawo, kada ka wanke shi.
Kawo mini shi yadda hanya ta bar shi,
in juya shi ƙafa sama,
in ga inda na je.